A Ba Yaran Karkara Damar Jin Turanci Da Kunnensu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan koyar da Turanci a makarantun karkara, da irin taimakon da wayar hannu ta yi mini a kai. Ni malamin Turanci ne a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a ƙasar Auyo, shekarata goma sha shida ina riƙe da alli.

Aji ɗaya da nake shiga bana, yara saba'in ne da 'yan kai. Ɗakin ne ɗaya, amma karatunsu ya sha bamban. Akwai yarinyar da aka yi wa mahaifinta canjin wurin aiki daga Kano, ta yi firamare ta kuɗi, tana karanta shafi guda ba gargada. A bayanta akwai saurayi ɗan shekara goma sha biyar da ya dawo daga gabas da haddar izu talatin a kansa, ga kaifin ƙwaƙwalwa, amma ranar da ya zo bai san bambancin b da d ba. Akwai 'ya'yan Fulani uku da Fulatanci suke yi a gida, Hausar ma a waje suka tsince ta, kuma in rani ya yi suka bi shanu sai a yi wata guda ba a gan su ba. Akwai 'yan matan da sai sun ƙarar da tallan safe suke shigowa, lokacin darasi ya yi rabi. Akwai wani yaro da ba ya ganin allo ko da a bencin gaba ya zauna. In kuwa shinkafa ta fara nuna, rabin mazan suna fadama suna korar jan-baki.

Ni kuma an ba ni minti arba'in da littafi ɗaya, an ce in kai su duka shafi kaza kafin ƙarshen zango. In na bi saurin yarinyar Kano, na bar sittin a baya. In na tsaya a kan haruffa, ita da irinta sun yi zaman banza. Shi ya sa muka saba da bin tsakiya: malam ya rubuta a allo, a kwafa, a maimaita da murya ɗaya. Aji ya ɗauki amo, mai wucewa ya ce ana karatu. Amma ka ɗaga yaro guda ka ce ya karanta shi kaɗai, sai ya sunkuyar da kai.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mun san maganin wannan tun kafin zuwan boko. Duk wanda ya yi makarantar allo ya sani, babu wanda ake ja da ƙarfi zuwa inda bai kai ba. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, duk a zaure ɗaya gaban malam ɗaya. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Yaro ya zauna ya yi ta maimaita nasa, in ya iya ya zo ya biya, malam ya ce ya wanke a yi masa ƙari. Wanda ya yi rashin lafiya na mako biyu, in ya dawo allonsa yana nan yana jiransa, ba a wuce shi ba. Kuma malam ba shi kaɗai yake aikin ba, gardawa da manyan almajirai suna biya wa ƙanana.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana mu yin haka a ajin Turanci. Amsar da na samu ita ce murya. Almajiri yana jin karatu ko'ina, a masallaci, a rediyo, a bakin na kusa da shi da asuba. Yaron ƙauyenmu kuwa ba ya jin Turanci sai a bakina, na minti arba'in, a tsakiyar hayaniyar yara saba'in. In ya koma gida ya buɗe littafin, babu mai faɗa masa yadda kalmar take fita. Ga shi Turanci ba kamar Hausa ba ne da ake karanta shi yadda aka rubuta. Mu wasula biyar gare mu, kowanne da gajere da dogo, su kuwa sautukan wasalinsu sun kai wajen ashirin. Bakin Bahaushe ba ya raba p da f, don haka pan da fan duk ɗaya ne a kunnen yaro. Ba ma son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka mai da nasu burodi da sukundireba. Waɗannan duk da kunne ake gyara su. Amma takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC, wadda ake gwada furuci da ita, a rubuce ake amsa ta. Ana tambayar yaro a kan sautin da bai taɓa ji ba, sai ya yi canki-canka ya cike gurbi. Sannan ga sharaɗin cewa ba kiredit a Turanci, ba shiga jami'a.

Bayan ambaliyar 2022, lokacin da waɗanda ruwa ya ci gidajensu suka zauna a azuzuwanmu na makonni, karatu ya tsaya cak. A wannan zaman ne na lura da wani abu da kullum yake gabana. Yaran da nake cewa ba sa riƙe karatu, suna iya zuba maka zancen fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa daga farko har ƙarshe. A ina suka samu? Ranar kasuwa ake kai memori wurin mai cajin waya, ya tura musu da 'yan kuɗi kaɗan, a saka a ƙaramar waya mai maɓalli a yi ta ji har ya zauna. Babu data, babu intanet. Sai na ce hanyar da fim ya bi ya shiga kowane gida, ita karatuna zai bi.

Na fara ɗaukar muryata da daddare a wayata Tecno, bayan gari ya yi shiru. Kowane darasi bai wuce minti biyar ba. In karanta a hankali sau ɗaya, in yi bayani da Hausa, in sake karantawa yadda ake magana, sannan in bar fili mai saurare ya maimaita. Na kasa su hawa uku, na haruffa da sautinsu, na kalmomi da gajerun jimloli, da na shafukan littafinmu, kowanne da lambarsa. Kalmar da nake kokwanto a kanta, sai na fara jin furucinta a ƙamus ɗin waya kafin in ɗauka, domin kada in dasa wa yara kuskuren da ni ma aka dasa mini. Na sayi ƙananan lasifiku biyu masu cin memori daga aljihuna, shugaban makarantarmu, Allah Ya saka masa da alheri, ya ba ni izini.

Yanzu kwana biyu a mako ina raba ajin uku. Kaso biyu su fita ƙarƙashin darbejiya, kowanne da lasifikarsa da wanda na ɗora a kansu, su saurara, su mayar, su sake saurara. Ni kuma in zauna a tabarma da masu haruffa, waɗanda a da ba na samun ko minti biyu na kansu. Babu mai wuce lamba sai ya zo ya biya a gabana, kamar dai wanke allo, kuma ina da littafi da nake rubuta inda kowa ya tsaya. Daga baya na ji cewa raba yara bisa inda karatunsu ya kai, ba bisa aji ba, tsari ne da ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya, har an gwada shi a firamarorin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Na yi murna da jin haka, amma ni a zauren alaramman unguwarmu na fara ganinsa.

Saurayin nan mahaddaci shi ya fi ba ni mamaki. Saurare da maimaitawa sana'arsa ce tun yana ƙarami, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai biya masa. Da ya samu, cikin zango ɗaya ya gama hawa na farko, yanzu yana tsakiyar na biyu, har yakan tsayar da ni a hanya ya ce, "Malam, a yi mini ƙari." 'Ya'yan Fulanin nan sun tafi da memori a wayar yayansu, da suka dawo sun biya mini lambobi shida da ba a aji suka koya ba. Yaron da ba ya ganin allo ya daina ɓuya a bayan wasu, domin a ƙarƙashin bishiya kunne ake bukata, kuma nasa ya fi na kowa. Akwai wata yarinya mai tsananin kunya da ban taɓa jin muryarta ba. Na ba ta wayata ta koma gefe ta ɗauki karatunta, ta ji da kanta, ta goge, ta sake, har sau huɗu, sannan ta kawo mini. Ita da kanta ta gano inda ta ce fifty a madadin fifteen, ban ce mata komai ba. Yarinyar Kano kuwa ta zama gardin ajin, ita take ɗaukar wasu darussan da muryarta, kuma 'yan matan sun fi son nata a kan nawa.

Ba zan ɓoye matsalolin ba. Wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan, ya same ni har gida bayan sallar magariba. Ya ce, "Malam, mu da muke fama mu raba su da waya, kai kuma ka ce ita ce makaranta?" Na ce, "Baba, gaskiyarka ce, ni ma uba ne." Na kunna masa darasi ɗaya ya ji, na nuna masa cewa memori ne kawai, a ƙaramar wayar mahaifiyarta za ta ji, a tsakar gida, ba ruwanta da intanet. Ya yi shiru, ya ce to a gwada. Tsoronsa yana da tushe, kuma duk malamin da ya raina irin wannan tsoro ba zai daɗe yana aikin ba. Akwai yaran da na kama sun goge darasi sun cika memorin da waƙoƙi. Akwai gidajen da babu waya ko ɗaya, 'ya'yansu sai dai su yi sammako su ji a lasifikar makaranta kafin a buga ƙararrawa. Caji kuma kullum da kuɗi. Sannan waya ba ta koya wa yaro rubuta insha'i ko wasiƙa. Wannan har yanzu sai malam ya zauna da jan biro ya bi layi-layi, kuma littattafai saba'in ba wasa ba ne.

Shekarun baya an taɓa kawo mana kwamfutoci, aka yi taro aka ɗauki hotuna. Makarantar ba ta da wuta, aka kulle su a ɗaki don kada su ɓace, ƙura da ɓeraye suka gama da su. Raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce ƙofar ɗakin nan, domin tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara gwadawa a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, amma yaronmu yakan fara taɓa kwamfuta ne ranar jarrabawa a Haɗeja ko Dutse, hannunsa yana rawa. Na san gwamnatin tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin karatu na Nigeria Learning Passport a 2022, akwai darussa masu amfani a ciki. Sai dai mu nan sabis sai an fita bakin titi, babbar waya kuma ba kowane gida ba.

Don haka ina kira ga ma'aikatar ilimi ta Jihar Jigawa da hukumar SUBEB mai kula da ilimin matakin farko, da takwarorinsu na Kano. Abin da nake yi da waya ɗaya a tsakar dare, su za su iya yin wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Muna da malaman Turanci a Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, muna da ɗakin ɗaukar murya a gidan rediyon jiha. A tara masu kyan furuci, maza da mata, su karanta littattafan da aka amince da su tun daga aji huɗu na firamare, da bayani cikin Hausa, in da hali har da Fulatanci. A ba kowace makaranta, a kuma ba masu tura fina-finai a kasuwanni kyauta, su ne suka san hanyar kowane ƙauye da kowace ruga. Kafin a sake sayo kwamfuta a fara sa faranti ɗaya na sola, ko da wanda zai yi cajin lasifiku da wayoyin malamai ne. Masu duba makarantu kuma, in sun zo suka tarar da yara a ƙarƙashin bishiya da lasifika, su tsaya su ji abin da ake yi kafin su rubuta cewa malam ya bar aji.

Zuwa yau darussan da na ɗauka sun kai arba'in da shida. Duk malamin da yake so, ya aiko da saƙo ta hannunka, ya Edita, zan tura masa ba tare da ko sisi ba. Roƙona kawai, in ya saurara ya ji inda furucina ya karkace, ya sanar da ni in sake ɗauka kafin zango mai zuwa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Malamin Turanci,
daga ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa.