Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Shugaba ya ce in haɗa rahoton bana in tura a guruf ɗinmu na WhatsApp kafin mitin na gaba, to ga shi nan, wanda bai da lokaci ya karanta a cikin bas, amma don Allah kar a zo mitin ana tambayar abin da ke rubuce a nan.

Abubuwan da muka saba dai mun yi su, buɗe-baki a azumi, sallah ƙarama da babba, suna da ta'aziyya, da tarbar sabbin ɗalibai da ke sauka a filin jirgi na Pearson a nan Toronto, Kanada, da 'yar shadda a jiki cikin sanyin Janairu. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da rigunan sanyi da takalma.

Abin da ya bambanta bana shi ne aikin da muka yi da matasan nan 'yan asalin Asiya na unguwarmu ta Scarborough. Yadda abin ya faro, ana gab da zaɓen lardin Ontario na 27 ga Fabrairu, bayan an idar da Juma'a sai ka ga yaran Pakistan da Bangladesh tsaye bakin ƙofar masallaci cikin ƙanƙara suna raba takardar yadda ake duba suna a rajistar zaɓe, mu kuma muna wuce su muna sauri mu kama bas, har wani ƙaninmu ya tsaya ya tambaye su, ashe ba su kaɗai ba ne, akwai Tamil akwai 'yan Filifin akwai 'yan Sin akwai Sikh masu rawani, yawancinsu haifaffun nan, suna haɗuwa a ɗakin karatu na unguwa duk ƙarshen mako. Ba jam'iyya suke yi wa aiki ba, wannan na maimaita shi don akwai wanda ya yi ta cewa mun shiga siyasa.

Da zaɓen tarayya na 28 ga Afrilu ya zo, wanda firaminista Mark Carney ya ci, sai muka shiga cikinsu sosai. A nan muka gane abubuwan da wlh da yawanmu ba mu sani ba. Mai takardar zama ta dindindin da ɗalibi ba su jefa ƙuri'a, sai ɗan ƙasa mai shekara 18, amma ba wanda ya hana ka ɗaukar tsofaffi a mota zuwa rumfa ko ka yi musu tafinta. Kuma hukumar zaɓe ta Elections Canada tana ɗaukar yaro ɗan ƙasa mai shekara 16 aiki a rumfar zaɓe ta biya shi, yaran Indiyawa sun daɗe da sanin wannan, namu kuwa suna gida suna danna waya. Ranakun jefa ƙuri'a da wuri kafin ranar zaɓe, 18 zuwa 21 ga Afrilu, mu muka yi jigilar iyayenmu tare da nasu.

Kwana biyu kafin zaɓen ne aka yi wancan mummunan abu a Vancouver, da wani ya kutsa mota cikin taron bikin Lapu-Lapu na 'yan Filifin mutum 11 suka rasu. Mun je mun yi wa abokan aikinmu gaisuwa irin tamu ta gida, mun zauna da su, iyayenmu mata har abinci suka kai.

Watan Mayu a Kanada watan tunawa da tarihin 'yan Asiya ne, tun 2002 gwamnati ta tabbatar da shi, kamar yadda Fabrairu yake na baƙar fata. Sun gayyace mu zaman da suka shirya, kuma ni dai a gani na duk shekarar ba abin da ya kai wannan zama amfani. 'Yan Sin ne suka haƙa mafi wahalar ɓangaren layin dogon Canadian Pacific cikin duwatsun yamma, ana gama aikin a 1885 sai aka ɗora musu harajin shiga ƙasar na dala 50 kan kowane mutum, ya koma 100, a 1903 ya kai 500, daga nan a 1923 aka yi doka aka rufe musu ƙofa kusan gaba ɗaya har 1947. Jirgin ruwan Komagata Maru ya iso Vancouver a 1914 da mutum 376 daga Indiya, galibinsu Sikh, aka bar su kan ruwa wata biyu sannan aka kora su. 'Yan Japan fiye da 20,000 aka kwashe daga gidajensu a 1942. Ƙuri'a kuwa sai 1947 'yan Sin da Indiyawa suka samu, 'yan Japan sai 1949. Gwamnati ta zo ta ba da haƙuri daga baya, 'yan Japan a 1988, 'yan Sin a 2006, kan jirgin Komagata Maru kuma a 2016, kuma ba don Allah ya taɓa zuciyar kowa haka kawai ba ne, jikoki ne suka yi ta bibiya shekara da shekaru. Yau magajiyar garin Toronto, Olivia Chow, haifaffiyar Hong Kong ce. Da wata yarinya ta gama bayanin nan na duba fuskar yaranmu, shiru kake ji.

Su ne kuma suka koya mana cewa kowa na iya sa sunansa ya yi magana na 'yan mintoci gaban kwamitin majalisar birni, ko ba ɗan ƙasa ba ne. Ƙanwarmu ɗaya ta yi, kan batun bas tun da aka rufe layin jirgin Scarborough RT a 2023, muryarta na rawa amma ta kai ƙarshe, kansila har tambaya ya yi mata.

Yanzu inda muka gaza. Makara, su ƙarfe biyu ƙarfe biyu ce, mu sai uku saura muke shigowa da sallama, ranar da muka je haɗa kayan abinci na mabuƙata a wurin ibadar Sikh kunya kamar ƙasa ta tsage. Na biyu kuɗin wata ba ya shiga, ma'aji zai karanto lissafi a mitin. Na uku, kusan duk aikin nan mata ne suka ɗauke shi, samarinmu sai ranar da akwai tuwo da miyar kuka ake ganinsu, ba na kiran suna.

Baɗi akwai zaɓen ƙananan hukumomi na Ontario ranar 26 ga Oktoba 2026, magajin gari da kansiloli da wakilan hukumar makarantu, waɗannan na ƙarshen su ke da ta cewa a makarantun yaranmu amma ba mai kula su. Kwamiti ya amince mu buɗe ajin shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa tare da matasan, tambaya 20 ce ana son ka ci 15, kuma sai ka cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar kafin ka cike fom. Muna neman masu koyarwa da Hausa ga iyayenmu da Turanci ke ba su wahala, da mai mota ɗaya ko biyu na ranar Asabar. Mai sha'awa ya yi min magana ta gefe kafin mitin.

Naku, sakataren ƙungiya