Hotunan jirgin kwal suna ƙarewa a akwatunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan tsofaffin hotunan jirgin ƙasa mai aiki da kwal, waɗanda matasa ke ta yaɗawa a waya kwanan nan.

Makon jiya jikana ya nuna mini wani a Facebook, an rubuta a ƙasansa wai ranar da jirgi ya fara shiga Kano ke nan a 1911. Da na sa tabarau na duba, sai na ce masa sam. Kan jirgin irin waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan ne, masu manyan ƙafafu takwas a tsakiya, ƙanana biyu gaba, biyu baya. Ba su iso Najeriya daga Ingila ba sai wajen 1948. Layin da aka shimfiɗo daga Baro ya kai Kano a 1911, wannan gaskiya ne, amma hoton ya zo bayan haka da kusan shekara arba'in. Dubban mutane sun gani sun yarda, domin babu wanda zai gyara musu.

Na san wannan ne saboda a kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne, wato mai zuba kwal a wutar jirgi, a layin Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wanda aka kammala a 1929. Hoto ɗaya tak ya rage mana nasa a bakin aiki, an rubuta 1958 a bayansa da fensir. Yana tsaye a ƙofar kan jirgi, shebur a hannun dama, tsumma ɗaure a wuya, fuskar nan baƙi ƙirin in ban da idanu. An tsaya shan ruwa a Funtuwa, ga bututun tankin an karkato shi saman jirgi. Can baya kuma taragan fasinja, mutane sun leƙo ta taga, wata yarinya ta ɗaga faifan dafaffen ƙwai sama tana miƙa wa wani mai rawani.

Wanda bai sani ba zai ga hayaƙi da ƙarfe kawai. Ni kuwa idan na kalla, ina ganin kwal ɗin da aka haƙo daga Inugu, wanda Baba ke watsawa cikin wuta shebur bayan shebur tun daga Zariya har Gusau, ido ɗaya a kan ma'aunin tururi, ɗaya a kan gilashin ruwa. Yakan ce watsa kwal ba ƙarfi ba ne, iyawa ce: in ka tula shi wuri guda wuta ta shaƙe, tururi ya faɗi, jirgi ya kasa hawan tudu, kuma kai direba zai harara. Idan ya dawo gida, ruwa bokiti biyu Inna ke ɗora masa, duk da haka sai ka ga baƙi a matashinsa da safe. Dizal ya fara shigowa tun kafin yaƙin basasa, to da yaƙin ya yanke hanyar kwal a 1967, sai jiragen su Baba suka yi ta komawa gefe ɗaya bayan ɗaya.

Hotunan sun fi goma a da. A akwatin ƙarfe aka adana su, damina ta shiga, gara ta ƙarasa sauran. Har da na ƙaramin jirgin nan da ke tashi daga Zariya zuwa Jos a kan siririn layi, wanda aka rufe a 1957. Wannan rashi har yau yana ci mini rai, kuma na tabbata haka abin yake a gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe a Kafanchan, Minna, Nguru da Kaduna.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da irin waɗannan hotuna. Amma kada a karɓi hoto tsirara. A tambayi mai shi: wace tasha ce, wace shekara, wane ne a tsaye, ina jirgin ya nufa? A ɗauki bayan hoton ma, domin sau da yawa a can labarin yake. Daga nan a miƙa kwafi ga Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Makama a Kano.

A unguwarmu saura tsoho ɗaya da ya tuƙa jirgin kwal, ya haura tamanin da biyar, idonsa ya fara rauni. Da na kai masa hoton Baba, sai ya kusanto da shi dab da fuskarsa, ya faɗi lambar jirgin da sunan direban da ba ya ma cikin hoton. In za ku turo wakilinku, ni zan raka shi gidansa, kuma a zo da hantsi, kafin rana ta yi masa zafi.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Sabon Gari, Zariya