A duba injin tsohuwar Ford F-150 kafin a saya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin direbobinmu na Katsina da Daura masu sha'awar tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ford F-150, da su buɗe bonet kafin fenti ya ruɗe su. A ganina, wadda ta dace da lodin buhunan gero zuwa Mai'adua ita ce mai injin lita 4.9, silinda shida a jere, wanda aka daina sa mata bayan 1996. Ƙarfinsa bai wuce doki 150 ba, amma yana jan kaya tun ba a taka totur sosai ba, kuma haƙoran giya ne ke juya kamshaf ɗinsa (sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin), babu bel ɗin kamshaf da zai tsinke a daji. Aibinsa shan fetur, wanda a farashin yau dole mai saye ya lissafa.

Naku,
Mai karatu daga Daura