Ashe waken suya dare yake aunawa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu noman waken suya. Bara wani dila ya tallata min iri a kasuwa, ƙwaya manya-manya sai sheƙi, yace ai daga waje aka shigo da shi, ni kuma ido ya rufe na saya. Na yi huɗa, na zuba taki, ruwa ma bai yi mana rowa ba, amma wallahi waken nan ko rabin ƙwaurina bai kai ba ya fara fure. Da ya zuba 'ya'ya sai da na durƙusa kafin in gansu, 'yan tsiraru can gindi suna shafar ƙasa. Mai taki na ɗora wa laifi, ashe bawan Allah ba ruwansa.

Ƙanena da ya karanta aikin gona ne ya warware min. Yace Yaya, shi waken suya tsawon dare yake aunawa, da ya ji dare ya yi tsawo sai ya hau fure. Tun 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano haka. A jikinsa akwai ƙwayar gado da ake kira E1, ita ke taka wa fure burki muddin yini na da tsawo. To irin da aka tsara don arewacin Amurka inda yini ke kai awa 15 lokacin noma, ka kawo shi nan da yininmu ko awa 13 ba ya cikawa ko a watan Yuni, ai gani zai yi kaka ta zo, sai ya kama gaggawa tun bai yi jiki ba.

Brazil ma sun sha wannan matsalar, suka nemo waken da ƙwayar gadonsa J ta samu sauyi, yana jinkirta fure ko da yini gajere ne, yanzu su ne kan gaba a duniya. Mu ma cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fitar da irin TGx da ya dace da ƙasarmu, amma manomi nawa aka yi wa wannan bayanin? Malaman gona kullum a rediyo ku ce mana kar a makara da shuka, ku riƙa faɗin dalili mana.

Ni dai bana TGx na shuka tun ƙarshen Yuni, ragowar na dila kuwa mai ɗakina ta ƙarasa shi a awara.

Naku,
Wani manomi daga jihar Kaduna