Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Sunan Iliya

Ɗana,

Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Na ji ku biyu kun tsai da shawara kan Iliya, kuma na amince. Sai dai ina so ka san nauyin abin da za ka ɗora wa yaron kafin fasto ya faɗe shi a gaban jama'a.

A Ibrananci sunan Eliyahu ne, kashi biyu. Eli na nufin "Allahna", Yahu kuwa gajeren sunan Yahweh ne, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ke rubutawa Ubangiji. Ke nan sunan shaida ce cikakkiya: Yahweh shi ne Allahna. Wannan Yahu, wato "ya" ɗin ƙarshen Iliya, ita ce kake ji a ƙarshen Ishaya da Irmiya da Zakariya.

Ka karanta 1 Sarakuna 17 zuwa 19 tare da matarka. A zamanin sarki Ahab, matarsa Yezebel, 'yar sarkin Sidon, ta kafa bautar Ba'al a Isra'ila. Ana ɗaukan Ba'al a matsayin mai ba da ruwan sama, shi ya sa Iliya ya fara da hana ruwa, har shekara 3 da wata 6 kamar yadda Yakubu 5:17 ya faɗa. A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450. Da wuta ta sauko ta cinye hadayar da aka jiƙa da ruwa, jama'a suka fāɗi rubda ciki suna cewa Ubangiji shi ne Allah. Ka ga, abin da sunansa ke faɗa ne ya fito daga bakinsu.

Kada ka tsallake sura ta 19. Mutumin nan ya gudu jeji don tsoron Yezebel, har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba, ya ba shi abinci da barci tukuna. Yaron zai bukaci wannan sashen wata rana.

Mutane kan rikita shi da Elisha, magajinsa, wanda sunansa ke nufin Allahna ceto ne. Eli firist na Shilo ma daban ne, harafin farko ba ɗaya ba ne a Ibrananci. Maƙwabtanku Musulmi za su ce Iliyasu, kada ka ji komai, annabi ɗaya ne, Alkur'ani ma ya ambaci faɗansa da masu bautar Ba'al. Amma a takardar haihuwa ka zaɓi rubutu ɗaya ka riƙe. In nan Iliya, can Elijah, sai ka sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu lokacin jarrabawa ko fasfo.

Ka gaida mai jego, ka ce mahaifiyarka na tafe kafin ranar suna.

Mahaifinka