Buɗaɗɗiyar wasiƙa: sanarwar kotu, a jarida ko a intanet kaɗai?

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron masu gidaje na unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, ka tashi a gaban jama'a ka tambaye mu: tunda yanzu kowa da wayarsa, me ya hana a daina kashe kuɗin buga sanarwar shari'a a Daily Graphic da Ghanaian Times, a zuba ta a intanet kawai? Amsarmu ita ce kada a cire jarida. A dai haɗa ta da intanet.

Da sanarwa ake ƙirga kwanaki. Idan ma'aikacin kotu ya yi ta zarya bai sami wanda ake ƙara ba, alƙali kan ba da izini a liƙa sammacin a allon kotu da bangon gidan mutumin, wani lokaci a buga a jarida. Dokar aikin Babbar Kotu ta 2004, wato C.I. 47, ta ba wanda sammaci ya isa gare shi kwana 8 ya shaida wa kotu zai kare kansa. In ya yi shiru, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Ranar da ya zo yana rantsuwa bai ji bai gani ba, shafin jarida lauya zai ɗaga, da kwanan wata a samansa, ga shi ya riga ya bazu ko'ina, ba mai iya gyara shi. Shafin intanet kuwa ana sauya shi cikin dare, ko a wayi gari ya ƙi buɗewa.

Amma takarda ma tana da nata rauni, kuma a maganar gado ya fi yi mana ciwo. Izinin kula da dukiyar mamaci ba ya fita sai sanarwa ta yi aƙalla kwana 21 liƙe a kotu, da wurin taruwar jama'a, da gidan da mamacin ya zauna na ƙarshe. Ruwa ya dake ta, tawada ta zube. Ko wani ɗan gida mai kwaɗayi ya yage ta kafin la'asar. Matar mamacin tana ɗaki cikin takaba, ba ta ma karanta Turanci, wa'adin da za ta ce ba ta yarda ba yana ta wucewa.

A nan intanet zai taimaka, in hukuma ta tara sanarwa wuri ɗaya, a duba kyauta, a nema da suna. Sai dai mutum ɗaya Abubakar ne a wannan takarda, Abukari a waccan, Bukari a bakin unguwa. Wanda ya nema da rubutu ɗaya ba zai ga sauran ba. Don haka a rubuta suna yadda yake a Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a biyo da sauran, da lambar gida da unguwa.

In kai ne mai buga sanarwa, Alhaji, ka sayi kwafin jaridar guda biyu a ranar da ta fito, ka ajiye shafin ɗungurungum, kada ka yanke shi da almakashi, don kwanan watan yana sama. Ka ɗauki hoton wadda aka liƙa. Sannan ka kai wa liman ya faɗa da Hausa bayan sallar Juma'a.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu aikin shari'a a Kumasi