Wasiƙa daga Doha game da kayan aikin kankare

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina fatan kai da Inna da sauran iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, kamar yadda nake lafiya a nan Doha. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji shawarar da kuka yanke cewa a sayi injin kwaɓa kankare da kuɗin da na aiko, domin Auta ya tsaya da ƙafarsa a sana'ar gini. Niyyar ta faranta mini rai ƙwarai, amma ina roƙonka da girmanka a dakata da biyan kuɗin tukuna.

Dalilina shi ne injin kwaɓawa zai cinye kuɗin gaba ɗaya, alhali ba kullum ake zuba dekin ba, sai ya shafe makonni a ƙofar gida yana tsatsa. Ranar da babban aiki ya samu, ana iya ɗauko hayarsa, a sa kuɗin cikin lissafin mai gini.

Abin da nake so a fara saya shi ne injin girgiza kankare, wanda ake tsoma kansa cikin ɗanyen kankare domin ya fitar da iskar da ke ciki. A shekarun da na yi ina wannan aiki a nan, ban taɓa ganin an zuba ginshiƙi ba tare da shi ba, domin kankare ɗanye yana riƙe iska a cikinsa, kuma duk inda iska ta maƙale rami ne zai zauna a wurin bayan ya bushe. Ka san ramukan nan masu kama da saƙar zuma da ake gani idan an cire katako, waɗanda magina suke gaggawar shafewa da filasta kafin mai gida ya iso. Ni kaina na taɓa shafe irinsu a wani gini a unguwar Gyallesu a Zariya, kuma har yau abin yana damuna, domin ta nan ruwa yake shiga ya ci rodi. A zaɓi mai amfani da fetur saboda halin wutar lantarki a gida, kuma kaurin kansa kada ya wuce milimita 40, don ya ratsa tsakanin rodin ginshiƙi da na linta. A gaya wa Auta ya riƙa tsoma shi a miƙe, ya bar shi daƙiƙa 5 zuwa 15 har kumfa ta daina tasowa, sannan ya zare shi a hankali.

Bayan wannan sai kayan awo, waɗanda su ne mafi araha kuma su aka fi rainawa. A sayi kwanon sarki masu girma ɗaya, kada a gauraya manya da ƙanana. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwano 2, saboda haka a kwaɓin da aka saba yi wa dekin, buhu ɗaya yana ɗaukar kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A ware jarka mai lita 25 ta zama ma'aunin ruwan kowane buhu, a kuma rage idan damina ta jiƙa yashin. Leburori suna son ƙara ruwa domin shebur ya yi musu sauƙi, ban kuma ga laifinsu ba tunda na san nauyin aikin, amma ruwan da ya wuce kima ƙarfin ginin yake ragewa.

Shebur da baro da cokalin gini kuwa, Auta ya fi ni sanin masu kyau a kasuwar Sabon Gari. A dai duba kaurin ƙarfen baron da ƙarfin tayarsa. Kada a manta da takalman roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

A kuma tanadi duro da dogon tiyo da tsofaffin buhunan algarara. A nan saboda tsananin zafi har ƙanƙara ake sa wa ruwan kwaɓi, a kuma yi zubi da dare, to iskar hunturun Zariya ma tana shanye ruwan kankare da wuri ta tsattsaga shi. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi.

Idan Allah ya buɗa nan gaba aka tashi sayen injin kwaɓawar, a nemi mai dizal wanda yake ɗaukar buhu ɗaya a zubi, a tafi da makanike ya duba haƙoran da suke juya tukunyar, a kuma tabbatar ana samun kayan gyaransa a Zariya ko Kano.

Ina jiran jin ra'ayinka, kuma duk abin da ka yanke na amince. A gaishe mini da Inna, a roƙe ta ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka.